Paul Ehrlich, likitan da ya mayar da gubar zurma ma'aunin garkuwar jiki

Zurma ba baƙuwa ba ce a ƙasar Ƙonni. Daga Bazaga har Malbaza da Illela ana ganin ta a bayan gida, a bakin lambu ko kan juji, ta fito da kanta babu wanda ya shuka ta. Wasu na ce mata cika-gida. Tsofaffi sun san amfanin manta, sun kuma san ba a barin yaro ya tauna ƴaƴanta, domin kaɗan daga ciki na iya kai shi kushewa. Da gubar ƴaƴan zurmar nan, da ta ɗan jan irin nan mai baƙin ɗigo da ake kira idon zakara, wani likita Bajamushe mai suna Paul Ehrlich ya fara auna yadda jiki ke koyon kare kansa daga cuta. Ya rasu tun 1915, amma har gobe da ma'aunin da ya kafa ake ƙidaya ƙarfin maganin da ake yi wa yaron da mashaƙo ya shaƙe.

An haife shi ranar 14 ga watan Maris na 1854 a Strehlen, wani ƙaramin gari da ke hannun Jamusawa a lokacin, yanzu kuwa yana cikin ƙasar Poland. Iyayensa Yahudawa ne masu rufin asiri, mahaifinsa yana da masaukin baƙi. Wani ɗan'uwansa ta wajen uwa, Karl Weigert, wanda ya girme shi da shekara tara, shi ya fara nuna masa yadda ake rina ɗan yankin nama siriri a duba shi a madubin likita.

A shekarun nan masana'antun Jamus sun duƙufa wajen fitar da sabbin launukan rini daga kwaltar gawayi, don masu saƙa da masu tufafi. Duk marinin da ya daɗe a bakin karofi ya san baba ba ya kama kowane zare iri ɗaya. Ehrlich ya ga haka a jikin ɗan Adam: launi guda ya kama wani sashe na ƙwayar halitta, ya bar na kusa da shi fari fat. Sai ya ce lalle akwai wani abu a wurin da ya dace da launin, wanda ɗaya sashen ba shi da shi. Wannan tunani guda shi ya bi har ƙarshen ransa, ko da ya bar rini ya koma kan guba, ya bar guba ya koma kan magani.

Ya yi karatun likita a Breslau da Strasbourg da Freiburg, ya kammala a Leipzig a 1878, sannan ya kama aiki a babban asibitin Charité na birnin Berlin. A can ya rarrabe fararen ƙwayoyin jini gida-gida bisa launin da kowace ke karɓa, kuma sunayen da ya raɗa musu su ne ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ke rubutawa a takardar gwajin jini yau, a Ƙonni ne ko a Galmi ko a Yamai. A 1882 yana cikin zauren da Robert Koch ya bayyana ƙwayar cutar tarin fuka, kuma ba a jima ba ya samo hanyar rina ta da ta fi ta Koch ɗin kanta fitowa sarai. A 1883 ya auri Hedwig Pinkus, ɗiyar wani attajirin masaƙa, suka haifi ƴaƴa mata biyu.

Daga nan al'amura suka juya masa baya. Maigidansa a asibiti, wanda ya sakar masa mara ya yi bincikensa, ya mutu a 1885, magajinsa kuwa ba ya son likitan da ke yini a kan kwalabe. A 1888 Ehrlich ya duba majinarsa da irin rinin da shi ya ƙirƙiro, ya ga ƙwayar tarin fuka. Ya ajiye aiki, ya ɗauki matarsa suka tafi Masar neman busasshiyar iska. Da ya dawo Berlin a 1889 ba shi da kujera a ko'ina, kuma zamansa Bayahude bai sauƙaƙa masa samun ta ba. Surukinsa ne ya ba shi kuɗin da ya kama ɗan ɗaki ya zuba ɓeraye a keji. A wannan ɗakin zurma ta shigo labarin.

Ɓeraye da biskit mai guba

Shekara guda kafin haka, a jami'ar Dorpat da ke ƙasar Estoniya ta yau, wani ɗalibi mai suna Hermann Stillmark ya gano cewa a cikin ƴaƴan zurma akwai wani furotin mai kisa, ya sa masa suna risin. Ya kuma lura da wani abin mamaki: idan ruwan ƴaƴan ya taɓa jini, sai jajayen ƙwayoyin jinin su dunƙule su manne da juna. Ba a daɗe ba aka samu irinsa a idon zakara, aka kira shi abrin. Waɗannan su ne farkon abin da yau ake kira lektin, wato furotin na tsiro mai kama ƙwayar halitta ya riƙe. Gubar ba ta bin man zurma, tana zama ne a cikin abin da ya rage bayan an tatse man, kamar yadda tunkuza ke ragewa a gyaɗa. Shi ya sa ake shafa man lafiya lau, ɗan kuwa ba a tauna shi.

A ƙarshen 1890 Emil Behring da Shibasaburo Kitasato, ɗan ƙasar Japan, suka ba duniya mamaki. Sun nuna cewa dabbar da ta saba da dafin ƙwayar cuta tana da makari a cikin ruwan jininta, kuma ana iya ɗibar ruwan a kare wata dabbar da shi. Matsalar ita ce dafin da ake samu daga ƙwayoyin cuta ba shi da tsayayyen ƙarfi. Na wannan kwalba ya fi na waccan, na yau ba zai kai wata guda da ƙarfinsa ba. Kamar a ce mutum na sayen gero da tiyar da girmanta ke canjawa kowace safiya. Ehrlich ya ga gubar tsiro ba ta da wannan aibi: gari ce, ana saye, ana aunawa a sikeli, ana ajiyewa ba ta lalace ba. Da ita za a iya yin lissafi.

Ya riƙa cuɗa risin kaɗan a biskit yana ba ɓeraye, yana ƙarawa sannu-sannu. Bayan kamar mako guda sai garkuwa ta bayyana, da aka ci gaba kuwa ɓeran ya kai yana jure ninki ɗaruruwa na abin da zai kashe ɗan'uwansa da bai saba ba. Ehrlich bai tsaya ga cewa wannan ya tsira wancan ya mutu ba, ya sa wa garkuwar lamba, ya ce ta wannan ta ninka ta wancan sau kaza. Ya ɗibi ruwan jinin mai garkuwa ya yi wa sabon ɓera allura, shi ma ya tsira, sai dai garkuwar aro ce, ba ta daɗewa take gushewa, saɓanin wadda jiki ya ƙera da kansa.

Sai gwajin da ya fi kowanne nauyi. Ya ɗauki ɓeran da risin ba ya yi wa komai ya ba shi abrin. Ɓeran ya mutu kamar bai taɓa sanin wata guba ba. Ya juya gwajin, haka aka samu. Gubobin biyu kusan alamominsu ɗaya, amma makarin wannan ba ya karya wancan. Ya wallafa sakamakon a 1891. Uwar da ke tambayar dalilin da za a sake tsira wa ɗanta allurar sanƙarau alhali an yi masa ta ƙyanda, amsarta tana cikin wannan kejin ɓerayen: kowace cuta da nata makari.

Kada wani mai neman tauri ya karanta wannan ya ce zai gwada a kansa. Ɓerayen da suka mutu kafin a gane adadin ba su ƙirguwa, kuma har yau babu makarin risin a kantin magani.

Abin da ke cikin nono

A zamanin masana da yawa sun ɗauka garkuwa gadonta ake yi, kamar launin fata ko tsayi. A 1892 Ehrlich ya gwada. Ya haɗa namijin ɓera mai garkuwar abrin da macen da ba ta da ita, ƴaƴan suka fito babu komai. Ya haɗa mace mai garkuwa da namijin da ba shi da ita, ƴaƴan suka fito da kariya. Ashe ta wajen uwa take zuwa. Saura a san ko a ciki take ba su, ko a nono.

Dabarar da ya yi kowace mace da ta taɓa shayar da ɗan wata za ta gane ta. Ya jira uwa mai garkuwa da marar garkuwa suka haihu lokaci guda, ya musanya musu ƴaƴa. Ƴaƴan marar garkuwa da suka sha nonon mai garkuwa suka samu kariya. Waɗanda aka raba da uwarsu mai garkuwa kuwa, ɗan abin da suka fito da shi daga ciki ya riƙa raguwa har ya ƙare. Wannan ne karon farko da aka tabbatar da gwaji cewa nono na ɗauke da makarin cuta, kuma cewa abin da uwa ke ba jariri aro ne na ɗan lokaci, kafin jikinsa ya fara ƙera nasa.

Daga baya an gane cewa halittu sun bambanta a nan. Ɗan Adam yana samun kaso mai yawa tun yana ciki, ta mabiyiya, wanda shi ne dalilin yi wa mai juna biyu allurar rigakafin cutar sarƙe-haƙora don jaririn ya fito da kariya, nono kuma ya tsare masa hanji daga gudawa. Maraƙi da ɗan tunkiya da ɗan akuya ba sa samun komai a ciki. Duk garkuwarsu tana cikin dakashin da suka sha a yinin farko, bayan nan hanjinsu ya daina karɓa. Makiyayin Bazaga bai buƙaci Bature ya gaya masa cewa maraƙin da bai sha dakashi ba wuya ya yi rai. Abin takaici shi ne a wasu gidaje har yanzu ana matse dakashin mace a zubar, a ce ƙazanta ne, alhali ba a yi wa saniya haka.

Mashaƙo, da abokin da ya zama abokin gaba

Ehrlich ya koma cibiyar Robert Koch a Berlin, inda Behring ke fama da makarin mashaƙo, cutar da ke toshe maƙogwaron yara tana kashe dubbai kowace shekara a Turai. Maganin Behring wani lokaci ya yi aiki, wani lokaci ya ƙi, don babu mai iya faɗin ƙarfin abin da ke cikin kwalba. Ehrlich ya kawo darasin zurma: a riƙa ƙara wa dabba dafin kaɗan-kaɗan har makarin jininta ya yi kauri, sannan a auna shi kafin a kai wa yaro. Sun fara da awaki, aka koma dawaki don sun fi jini. A 1894 kamfanin Hoechst ya fara sayar da maganin, a shekarar ce kuma Émile Roux na cibiyar Pasteur ya nuna a Paris cewa ruwan jinin doki ya rage mace-macen yaran da ke kwance da cutar da kusan rabi.

A 1897 Ehrlich ya kammala ma'aunin. Ya lura dafin ne ke lalacewa, makarin kuwa idan aka busar da shi aka rufe ruf ba iska yana shekaru da ƙarfinsa. Sai ya ajiye busasshen makari guda ya zama tiyar da kowa zai gwada tasa da ita. A 1922, bayan mutuwarsa, hukumar lafiya ta Ƙungiyar Ƙasashen Duniya ta wancan zamani ta karɓi wannan ma'auni ya zama na duniya baki ɗaya, kuma shi ne irinsa na farko. Lokacin da mashaƙo ya ɓarke a Kano da jihar Damagaram a 2023, maganin da likitoci suka yi ta nema, ga shi ya yi ƙaranci a duniya, har yanzu daga jinin doki ake yin sa, kuma lambar da ke jikin kwalbar jikanyar lissafin Ehrlich ce.

Kuɗi ne suka raba shi da Behring. An shawo kansa ya sassauta rabonsa na ribar maganin, Behring ya zama hamshaƙin attajiri, ya kuma karɓi kyautar Nobel ta farko a fannin likitanci a 1901 shi kaɗai. Ehrlich bai manta ba, zumuncinsu bai koma kamar da ba. Abin da ya samu shi ne cibiyar gwamnati ta tantance magungunan jini, da aka buɗe masa a gefen Berlin a 1896, aka mayar da ita Frankfurt a 1899.

Akwai sauran gardama guda: shin makari da kansa yake karya guba, ko kuwa jiki yake zaburarwa ya yi yaƙin? Nan ma zurma ta raba gardamar, ta hanyar dunƙulewar jinin nan da Stillmark ya gani. Ehrlich ya zuba jini a kwalbar gwaji ya ɗiga risin, jinin ya dunƙule. Ya sake, amma wannan karon ya fara gauraya risin ɗin da makarinsa, jinin ya zauna lafiya. Babu ɓera, babu jiki mai rai, kwalba ce kawai. Ke nan makarin kama gubar yake yi kai tsaye, kamar kwaɗo da mabuɗinsa. Daga nan ya gina ra'ayinsa cewa a jikin kowace ƙwayar halitta akwai wasu ƴan hannuwa da guba ko abinci ko magani ke kamawa, kuma abin da bai samu wurin kamawa ba ba zai yi aiki ba. Wasu rassan bayanin nasa sun faɗi daga baya, gindin kuwa shi ne harsashin ilimin haɗa magunguna na yau. A 1908 aka ba shi kyautar Nobel tare da Élie Metchnikoff, Barashe mai aiki a cibiyar Pasteur, wanda ya shafe shekaru yana jayayya da Jamusawa cewa fararen ƙwayoyin jini ne ke cinye cuta. Kowannensu yana da rabin gaskiya.

Abin da risin ke kamawa a jikin ƙwayar jini, Ehrlich ya mutu bai sani ba. Sukari ne. Bayan kowace ƙwayar halitta lulluɓe yake da nau'o'in sukari daban-daban, kowane lektin kuma da wanda yake zaɓa. James Sumner a Amurka ya fara nuna haka a 1936 da lektin ɗin wani wake. A shekarun 1940 William Boyd a Boston ya ga ruwan wani waken yana dunƙule jinin rukunin A ya ƙyale na B da na O, shi ne kuma a 1954 ya raɗa sunan lektin daga kalmar Latin mai nufin zaɓe. A 1960 Peter Nowell ya gano lektin ɗin jan wake na sa fararen ƙwayoyin jini su hayayyafa a kwalba, abin da ya buɗe hanyar duba ƙwayoyin gadon mutum daga ɗan jinin hannunsa. Yau kamfanoni na sayar da lektin a ƴan ƙananan kwalabe, an liƙa masa launi mai ƙyalli don ya nuna wa mai bincike inda ya kama: na gyaɗa, na alkama, na waken soya, da na wani tsiron kurmin Ghana da Togo mai suna Griffonia da ake haska ƙananan jijiyoyin jini da shi. Ita ma zurma tana cikin jerin, domin an gano cewa yawancin dunƙulewar da Stillmark ya gani aikin wani ɗan'uwan risin ne da bai kai shi dafi ba. Mai cin wake kuma kada ya tsorata, tafasa sosai na kashe lektin ɗin da ke cikinsa.

Lamba 606

Shekarunsa na ƙarshe ya ba da su ga neman sinadarin da zai kama ƙwayar cuta ya ƙyale mai ita. Tun 1891 ya gwada wani shuɗin rini a kan masu zazzaɓin cizon sauro mutum biyu, suka samu sauƙi. A 1904 shi da Kiyoshi Shiga suka samo jan rinin da ke kashe dangin ƙwayar sammore a jikin ɓera. A 1909 wani mataimakinsa ɗan Japan, Sahachiro Hata, ya sake gwada sinadari mai lamba 606 cikin ɗaruruwan da suka haɗa, ya ga yana warkar da tunjere a jikin zomo. Aka fitar da shi a 1910 da sunan Salvarsan, ya zama maganin tunjere na farko mai aiki, har zuwan penisilin a shekarun 1940.

Bai ji daɗin nasarar ba. Maganin na da arsenik a ciki, allurarsa na son ƙwarewa, wasu marasa lafiya sun mutu. Aka taso masa a jaridu, wasu na cewa kuɗi yake nema, wasu na cewa ya sauƙaƙa wa mazinata, wasu kuwa ƙiyayyar Yahudawa ce kawai ke cin su. Ya riƙa bin rahoton kowane majinyaci da kansa, yana aiki dare da rana, abinci kaɗan, taba kuwa kara na bin kara. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914 ya sa hannu a takardar da masana 93 na Jamus suka fitar suna wanke sojojin ƙasarsu daga ta'asar da suka yi a Beljiyam, wanda tabo ne a tarihinsa. A ƙarshen shekarar ya samu bugun jini na farko. Na biyu ya same shi a garin Bad Homburg, ya rasu ranar 20 ga watan Agustan 1915 yana da shekara 61. An binne shi a maƙabartar Yahudawa ta Frankfurt, Behring na cikin waɗanda suka raka gawarsa.

Da ƴan Nazi suka hau mulki sun cire sunansa daga titin da cibiyarsa take, matarsa Hedwig ta tsere daga Jamus da tsufanta, ta rasu a Amurka. Bayan yaƙi aka mayar da sunan, daga baya aka sa hotonsa a takardar kuɗi ta mark 200. Hukumar da ke tantance alluran rigakafi da magungunan jini a Jamus, wadda ta tsiro daga waccan cibiya ta 1896, sunansa take amsawa, tana garin Langen kusa da Frankfurt.